Yadda Ake Kafa Itatuwan Magani Daga Reshe Da Taimakon Garin Fitar Da Saiwa

Duk wanda ya tsaya ya dubi itatuwan madacin da ke bakin titunan tsofaffin unguwannin Kano, Zariya ko Katsina zai ga da wuya a sami guda ɗaya mai lafiyayyen gindi. Tun daga ƙasa har iya inda hannu yake kaiwa an sassaƙe ɓawon, saboda jiƙon sassaƙen madaci tsohon magani ne na zazzaɓi da ciwon ciki a wurin mutanenmu. A daji ma haka hano yake shan sassaƙa, sanya kuwa saiwarta ake tonewa, alhali ita ce rayuwarta. Masu ɗiba kullum ƙaruwa suke yi, masu dasawa kuwa ba su taka kara sun karya ba. A shekarar 2022, a taron CITES, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar barazanar ƙarewa, da aka yi a Panama, an sanya dangin madaci na Afirka cikin jerin itatuwan da ba a fitar da katakonsu zuwa ƙasashen waje sai da takardar izini. Wannan doka ta fi shafar 'yan kasuwar katako. Mai maganin gargajiya da yake son jikokinsa su tarar da madaci ba shi da wata mafita illa ya koyi dasawa.

Shuka iri ita ce hanyar da kowa ya sani, kuma inda take aiki babu dalilin barinta. Sai dai 'ya'yan madaci, duk da suna tsirowa sosai idan sabbi ne, ƙarfinsu yana gushewa cikin 'yan watanni idan aka ajiye su a zafin ɗaki, na marke kuwa akasarinsu holoƙo ne tun a kan uwa. Ban da haka, itacen da ya fito daga iri ba lallai ne ya gaji uwarsa ba. Wanda aka kafa daga reshe shi ne uwar da kanta a sabon gindi, da ɗacin ɓawonta, da yawan ganyenta, da saurin girmanta. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa aikin ya cancanci wahalarsa.

Fara da sanin halin itacen

Kafin a kashe ko sisi wajen sayen garin saiwa, wato hodar sinadarin da ake shafa wa gindin reshe don ya fitar da saiwa, a fara tambayar kai ko itacen yana bukatarsa ma. Zogale, dashi, cediya, durumi, aduruku, bini da zugu da shuwaka duk suna kamawa ba tare da wani sinadari ba, shi ya sa manoma suka daɗe suna yin shingen gona da su. Waɗannan sai a sari kakkauran reshe mai tsawon kamar mita 1, a bar bakin yankan ya sha iska a inuwa kwana biyu ko uku, sannan a binne kashi ɗaya cikin uku a ƙasa mai tsane ruwa. Dashi da hano sun fi kamawa idan aka sare su a ƙarshen rani, suna tsirara babu ganye, dab da faɗuwar damina. Lalle da rumman ma masu sauƙin kai ne, ana kafa su da reshe mai kaurin fensir, kuma ɗan gari kaɗan yana ƙara musu yawan saiwa.

Akwai kuma masu taurin kai, irin su kaɗanya da sanya, waɗanda ko masu bincike suna shan wuya kafin su sa su kama, don haka ban ba mai koyo shawarar ya fara da su ba. A tsakanin waɗannan biyu ne ake samun itatuwan da wannan bayani ya fi shafa, wato madaci, tafashiya, aduwa, gwaba da darbejiya. Su ba a kafa su da babbar sanda, sai da ɗan ƙaramin reshe ɗanye mai ganye, kuma a nan ne garin yake nuna amfaninsa. Zan riƙe madaci a matsayin misali, amma matakan iri ɗaya ne ga sauran.

Abin da garin yake yi

Kowane itace yana haɗa wani sinadari da ake kira oksin a kan tohonsa da sabbin ganyayensa, kuma sinadarin yana gangarowa ƙasa ne kawai ta cikin reshe. Idan aka yanke reshen, sai oksin ya taru a bakin yankan na ƙasa, ya sa waɗansu ƙwayoyin halitta da ke ƙarƙashin ɓawo su sake hali su fara zama saiwa. Wannan ne ya sa reshen da aka dasa kai ƙasa ba ya yin abin kirki. A shekarar 1935, waɗansu masana biyu, Zimmerman da Wilcoxon na Cibiyar Boyce Thompson da ke jihar New York a Amurka, suka nuna cewa waɗansu sinadarai biyu masu kama da oksin da ake kira IBA da NAA, waɗanda ake iya haɗawa a masana'anta, suna yin wannan aiki sosai. Har yau su ne a cikin kusan duk wani gari, ruwa ko man fitar da saiwa da ake sayarwa, kuma IBA ne aka fi amincewa da shi domin ba ya saurin lalacewa, ba ya kuma saurin ƙona reshe.

Garin yana zuwa da ƙarfi hawa-hawa, kuma ana rubuta ƙarfin a jikin gwangwani. Mai 0.1 cikin ɗari na reshe ɗanye shar ne, mai 0.3 na reshen da ya fara ƙwari, mai 0.8 kuma na reshe mai tauri ko itace mai wuyar kamawa. A samfurin Seradix, alal misali, waɗannan su ne lamba 1 da 2 da 3. Ga madaci da makamantansa, mai 0.3 ne ya dace a fara da shi. A duba ranar lalacewarsa kafin a biya kuɗi, kuma a guji gwangwanin da ya daɗe a rana a gaban shago.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe tun yanzu shi ne, garin mataimaki ne kawai. Ba ya mayar da tsohon reshe yaro, ba ya kuma raya reshen da ya bushe. Mutane da yawa sukan sayi gari, su sari reshe daga ƙololuwar tsohon madaci, su soka a leda a tsakar gida, idan ya mutu su ce an sayar musu da jabu. Nasarar aikin nan tana rataye ne a kan ƙuruciyar reshen da kuma danshin iskar da ke kewaye da shi, kuma a kan waɗannan biyu ya kamata a fi kashe lokaci.

Zaɓen uwa da renonta

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a nan maganar ta zauna daidai. Reshen da aka yanka daga dashen madaci ɗan watanni yana fitar da saiwa cikin sauƙi, amma wanda aka yanko daga saman itacen da ya shekara ashirin yana ba da 'ya'ya, da ƙyar ake samun kaɗan su kama ko da an yi musu duk abin da ya dace. Abin mamaki shi ne, a jikin tsohon itace, ɓangaren da ya riƙe halin ƙuruciya shi ne gindi. Tohon da ya fito daga kututturen da aka sare, ko daga ƙasan wani rauni kusa da ƙasa, yana da halin yaro, na can sama kuwa ya riga ya manyanta ko da jiya ya tsiro. Saboda haka wanda ya ga wani tsohon madaci da yake son irinsa, sai ya nemi tohon gindinsa. Kada a sare lafiyayyen itace don neman toho, a nemi wanda aka riga aka sare ko wanda ya yi tohon da kansa, kuma a nemi izinin mai gona ko hukumar gandun daji kafin a taɓa.

Hanyar da ta fi ɗorewa ita ce mutum ya yi wa kansa lambun uwaye. A dasa ƙananan itatuwa, daga iri ko daga rassan farko da suka kama, a jere da tazarar kamar mita 1, a wurin da yake samun inuwa sama-sama. Idan sun kafu, sai a datse kansu a tsawon gwiwa ko ƙugu, kada a taɓa barin su su wuce haka. Kowace datsa tana fitar da sabbin rassa masu miƙewa sama, kuma waɗannan ne ake yanka bayan mako 6 zuwa 8, lokacin da ɓawon ya fara sauyawa daga kore shar zuwa ruwan ƙasa. A riƙa ba su ruwa da ruɓaɓɓen taki daidai gwargwado, domin uwar da ta sha yunwa ko ƙishi ba ta ba da reshen kirki, wadda aka cika wa takin zamani kuma reshenta yakan yi ruwa-ruwa ya ruɓe. Ina ganin wajibi ne a tara uwaye daga itatuwa daban-daban, goma ko fiye, saboda gonar da duk itatuwanta suka fito daga uwa ɗaya, cutar da ta kama ɗaya ta kama duka.

Gina akwatin danshi

Ɗan reshe mai ganye yana ci gaba da fitar da ruwa ta ganyensa alhali ba shi da saiwar da zai sha, kuma a iskarmu ta arewa awa ɗaya ta isa ta kashe shi. Manyan gonaki suna amfani da injin feshi mai aiki da lantarki da ruwan famfo, amma akwai akwati mai sauƙi da ba ya bukatar ko ɗaya. Tushensa wani aiki ne da aka yi a Ibadan a shekarun 1970 kan yaɗa wani itacen katako da ake kira obeche, sannan masanin itatuwa Roger Leakey da abokan aikinsa suka inganta shi suka wallafa bayaninsa a 1990. Daga baya ICRAF, cibiyar bincike kan noman itatuwa a gonaki, ta koyar da shi ga manoman Kamaru, inda suka yi amfani da shi wajen yaɗa Prunus africana, itacen tsaunuka wanda ake fitar da ɓawonsa Turai don maganin kumburin prostate, wata ƙwaya da ke ƙarƙashin mafitsarar maza.

Kafinta zai haɗa firam na katako mai tsawon mita 2 zuwa 3 da faɗin mita 1, bayansa ya kai kusan mita 1 a tsayi, gabansa ya gaza haka, domin murfin ya yi gangare. A daidaita ƙasan wurin sosai, a baza yashi mai laushi, sannan a shimfiɗa leda mai kauri guda ɗaya wadda ba ta da ko huda ɗaya, ta rufe ƙasa ta hau bango kamar kwano. Bangon da murfin duk a rufe su da farar leda mai nuna haske, a tabbatar murfin yana zama daram ba tare da kafar iska ba. A cikin kwanon, a fara zuba ɗan yashi don kare ledar, a jera duwatsu masu girman dunƙulen hannu a hankali, a bi su da ƙanana, a rufe da tsakuwa, har jimlarsu ta kai kamar santimita 20. A kusurwa ɗaya a tsayar da guntun bututun roba wanda ya kai har ƙasa. Ta nan ake zuba ruwa, ta nan kuma ake leƙa yawansa.

A saman tsakuwar ne ake zuba shimfiɗar da rassan za su zauna, mai kaurin santimita 10. Yashin kogi mai tsakuwa-tsakuwa da aka wanke ya wadatar, kuma ana iya gauraya shi rabi da rabi da tsohon garin katako wanda ya riga ya ruɓe. Kada a sa taki ko ƙasar gona ko kaɗan, domin su ne suke kawo ruɓa. Yana da kyau a kwarara wa yashin tafasasshen ruwa a bar shi ya huce kafin a zuba. Daga nan a cika ruwa ta bututun har ya kai saman tsakuwa, ya tsaya dab da ƙasan yashin, ta yadda yashin zai riƙa tsotsa daga ƙasa ya zauna da danshi ba tare da ya jiƙe sharkaf ba.

Akwatin ba ya zama a rana. A yi masa rumfa mai tsayin kamar mita 2 da zana, asabari ko ganyen kaba, wadda za ta tare akasarin rana amma haske ya riƙa ratsowa, domin ganyen yana bukatar haske ya haɗa abincin da za a gina saiwa da shi. A kula da gara, a shafe katakon da maganinta ta waje. Wanda yake son gwada rassa goma ko ashirin kawai ba sai ya kira kafinta ba, babbar roba mai zurfi da aka jera wa duwatsu da yashi haka nan, aka ɗaure bakinta da farar leda, za ta yi aikin.

Ranar yanka

Damina ce lokacin da ya fi dacewa. A bazara, lokacin da zafin Sakkwato ko Maiduguri yake haura digiri 40, akwatin yakan dafa rassan, a hunturu kuma sanyin dare yana jinkirta saiwa, busasshiyar iska tana shiga duk lokacin da aka ɗaga murfi. A shayar da uwayen da yammacin jajibiri, a yi yankan da sassafe bayan asuba kafin rana ta ɗaga, lokacin da rassan suke cike da ruwa. A tafi da bokiti mai ɗan ruwa ko leda da aka yayyafa wa ruwa a ciki, duk reshen da aka yanko a jefa shi nan take, a kai inuwa kusa da akwatin. Sauran aikin duka a inuwa ake yin sa.

Kayan yanka su kasance masu kaifi ƙwarai, sabuwar reza ko wuƙa mai ci, saboda dakusasshiyar wuƙa tana murƙushe bakin reshe, kuma murƙusasshen wuri shi ne farkon ruɓa. A goge su da sifirit, ko a tsoma su a ruwan bilic da aka sirka kashi 1 cikin kashi 9 na ruwa, a maimaita duk lokacin da aka koma wata uwar.

A jefar da ɗan kan reshen mai laushi sosai, sauran kuma a yanyanka shi gunduwa-gunduwa, kowace mai tsawon santimita 5 zuwa 10, da gaɓa ɗaya ko biyu. Yankan sama ya kasance dab da saman gaɓa, inda ganye da idon toho suke. Yankan ƙasa kuwa a yi shi a miƙe, kada a karkace. Da yawa sun saba fiƙe gindin reshe kamar alƙalami, amma hakan yakan sa saiwa ta fito ta gefe ɗaya kawai, itacen da saiwarsa take gefe ɗaya kuwa iska ba ta shan wuyar kayar da shi. A cire duk ganyen ƙasa, a bar guda ɗaya a sama. Ganyen madaci yana da ƙananan ganye a jere biyu-biyu, don haka a bar biyu na farko, idan manya ne a rage rabin kowanne da almakashi. Wannan ragi yana bukatar ido: ganye mai yawa zai zuƙe ruwan reshen, idan kuma aka cire duka babu mai ciyar da shi. Faɗin da bai wuce rabin tafin hannu ba ya isa. Idan itacen mai fitar da farin ruwa ne, a ɗauraye bakin yankan kafin a ci gaba.

Yanzu sai garin. A ɗebi kaɗan a zuba a murfin kwalba, a rufe gwangwanin. Kada a taɓa tsoma reshe a cikin gwangwanin kansa, kuma abin da ya rage a murfin a zubar da shi, domin danshi da cuta za su lalata sauran. A tabbatar gindin reshen yana da ɗan danshi, a dangwala shi a garin zurfin santimita 1, sannan a ɗan ƙwanƙwasa shi a gefen murfin har abin da ya yi yawa ya zube, ya rage fari-fari kamar an shafa hoda. Wanda ya damɓara gari da yawa yana zaton alheri yake yi, amma yawansa yana ƙona gindi, yana kuma hana idon toho buɗewa. Mai amfani da na ruwa zai tsoma gindin na sakan 5 kawai, ya bar shi ya ɗan sha iska. Garin ba magani ba ne, ba a kai shi baki ko ido, don haka a sa safar hannu, a wanke hannu bayan an gama, a ajiye shi a rufe a wuri mai sanyi da duhu, nesa da yara da kuma kayan maganin da ake sha.

Akan ji ana cewa zuma, kirfa ko ruwan alobera suna maye gurbin garin. Zuma da kirfa suna iya rage ruɓa a bakin yanka, amma ba su ne oksin ba, kuma inda suka yi kamar sun yi aiki, galibi itacen dama mai kamawa ne da kansa.

A huda rami a yashin da tsinke mai kaurin fensir, zurfin santimita 2 zuwa 3, a saka reshen a hankali yadda garin ba zai goge ba, a danna yashin da yatsu biyu ya riƙe shi. A ba su tazara yadda ganye ba zai hau ganye ba, kuma kada ganye ya taɓa yashi ko leda. Da an gama layi ɗaya a fesa masa ruwa da gorar feshi mai fitar da ruwa kamar hazo. A soka alama mai ɗauke da sunan uwa, kwanan wata da ƙarfin garin. Ina ba da shawara a bar layi ɗaya babu gari ko kaɗan, domin da haka ne mutum zai gane da idonsa ko itacen da yake aiki a kai yana bukatarsa.

Makonnin jira

Kowace safiya a dubi ledar. Idan cikinta ya yi gumi, ɗigon ruwa yana gangarowa, danshi ya yi daidai. Idan ta bushe ƙayau, akwai inda iska take shiga ko ruwan ƙasa ya ja baya, sai a leƙa bututu a ƙara. A buɗe murfin da sassafe ko da yamma kawai, na ɗan lokaci, kuma duk buɗewa a bi ta da feshi. A ranar da zafi ya tsananta a ƙara zana a kan rumfa, a yayyafa ruwa a bayan ledar da ƙasan wurin. Abin da ake nema shi ne yashin ya zauna tsakanin digiri 25 da 30, iskar ciki kuma kada ta haura 35. Duk ganyen da ya faɗi da duk reshen da ya mutu a cire su a ranar, kafin fumfuna ta bazu. A riƙa goge ƙurar da ke kan leda don haske ya shiga.

Rassan da kansu suna faɗin abin da ke damunsu. Gindin da ya yi baƙi ya yi laushi alama ce ta ruwa ya yi yawa, ko gari ya yi ƙarfi, ko kayan aiki ba su da tsabta. Ganyen da ya zube a makon farko ya sha zafi ne ko bushewa, sau da yawa tun a hanya kafin a kai akwati. Reshen da ya zauna kore wata da watanni babu saiwa, mai yiwuwa uwarsa ta tsufa ko inuwar ta yi duhu. Sabon toho a sama ba shaidar saiwa ba ne, domin reshe yakan yi toho da ajiyar da ke jikinsa sannan ya mutu. Haka kuma farin kumburin da ke fitowa a bakin yanka warkewar rauni ce, tana nuna reshen yana da rai, amma saiwa ba ta zo ba tukuna.

Daga mako na 4 a fara dubawa sau ɗaya a mako. Kada a fizgo reshe, a sa ɗan faffaɗan tsinke a ƙarƙashinsa a ɗago shi tare da yashin. Sabuwar saiwa fara ce, mai kauri, mai saurin karyewa. Madaci yakan ɗauki mako 6 zuwa 8, waɗansu itatuwan su kai 12. Wanda bai fitar ba amma yana da rai a mayar da shi.

Daga akwati zuwa gona

Idan saiwa ta kai santimita 2 zuwa 3, musamman in ta fito biyu ko uku ta ɓangarori daban-daban, lokacin leda ya yi. A haɗa ƙasar gona kashi 2, yashi kashi 1 da ruɓaɓɓen taki kashi 1. A zuba rabin leda, a riƙe dashen da hannu ɗaya, a riƙa zuba ƙasa a hankali kewaye da saiwar ba tare da dannawa da ƙarfi ba, sannan a ba shi ruwa ya zaunar da ƙasar.

A nan ne ake yawan asarar abin da aka riga aka samu, saboda ɗoki. Dashen da ya yi wata biyu a cikin danshi ba zai jure iskar waje rana ɗaya ba. A mayar da ledojin cikin wani akwati rufaffe na mako guda, sannan a fara ɗaga murfin da dare, daga baya a ɗan buɗe shi da rana, ana ƙara buɗewa kaɗan-kaɗan har mako 2 zuwa 3. Daga nan su koma ƙarƙashin rumfa, ana rage inuwar sannu a hankali har su saba da rana. Idan toho fiye da ɗaya ya fito a bar mafi ƙarfi, a kafa masa tsinke ya miƙe.

A dasa a gona idan dashen ya kai santimita 30 zuwa 40 kuma damina ta zauna, wanda ke nufin rassan da aka yanka a wannan damina galibi sai ta baɗi za su fita. A haƙa rami mai faɗi da zurfin santimita 50, a gauraya ƙasar sama da taki, a yanke ledar a cire ta gaba ɗaya, a yi masa kewaye da ƙaya ko kwando saboda awaki. Itacen da aka kafa daga reshe ba ya yin doguwar saiwar tsakiya irin ta wanda ya fito daga iri, don haka a ƙasa mai ƙarancin ruwa yana bukatar ban ruwa a ranin farko da na biyu, da ciyawa a gindinsa don riƙe laima, ba tare da ta taɓa jikin itacen ba saboda gara.

Ganyen zogale, shuwaka ko lalle ana iya fara ɗiba cikin shekarar farko, amma ɓawon madaci sai itacen ya yi shekaru ya yi kauri. Idan lokacin ya zo, a sassaƙi siririn layi a tsaye a gefe ɗaya, a bar sauran, kuma kada a koma wurin sai ya warke ya rufe. Abincin da ganye yake haɗawa ta cikin ɓawo yake sauka zuwa saiwa, saboda haka itacen da aka zagaye gindinsa da sassaƙa zai mutu ko da ganyensa ya ci gaba da zama kore na waɗansu watanni.